Zuwa ga Edita: Don Allah a daina nuna wa yaranmu kamar Nijar wata baƙuwar ƙasa ce

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, Allah ya ƙara basira.

Abin da ya sa na ɗauki waya nake rubuto maka shi ne wata gardama da aka tafka a majalisarmu bayan sallar isha'i, inda wani yaro ɗan jami'a, yaron kirki ne kuma wallahi, ya buɗi baki ya ce wai Nijar ai ba komai cikinta sai rairayi da raƙuma, wai mu ke ciyar da su mu ke ba su wuta, in mun ga dama mu rufe ƙofa su mutu da yunwa. Na dube shi na ce ɗana a ina aka haifi Shehu Usmanu? Ya ce Sakkwato mana. Aka fashe da dariya, amma ni abin bai ba ni dariya ba, don ba laifinsa ba ne, abin da aka koya masa ke nan, kuma ku ma 'yan jarida ku yi haƙuri kuna da naku kason, ba ma ganin sunan Nijar a shafinku sai in an yi juyin mulki ko an kama shinkafa a boda.

To ga wanda bai sani ba, Shehu a Maratta aka haife shi a 1754, kuma Maratta yau tana cikin Nijar, can wajen Galmi, garin da albasarsa ta yi suna. Babban malaminsa Malam Jibrilu kuwa har Agadas ya bi shi neman karatu. A lokacin ba wanda ya tsare shi a hanya ya ce ina katinka.

Ni mutumin Jibiya ne, mahaifiyata Allah ya jiƙanta 'yar Madarunfa ce, don haka ba labari aka ba ni ba. Daga Magama in ka tsallaka ka isa Ɗan Issa, kafin shayin da ka sha ya sauka ka shiga Maraɗi, ya fi maka sauƙi a kan zuwa Kano nesa ba kusa ba. Ko ruwan ma bai san da wata boda ba. Gulbin da ke wucewa ta nan wajenmu, wanda aka datse aka yi dam ɗin Jibiya, shi ne ke shiga Nijar ya zama Gulbin Maraɗi, ya bi ta kusa da Madarunfa da Maraɗi da Tsibiri ya shayar da fadamunsu, sannan ya yi kwana ya dawo Najeriya ta ƙasar Gobir ya haɗu da Rima. Wato ruwanmu ne yake zuwa ziyara ya dawo. Haka can gabas kogin Yobe shi ne ma iyakar a wajen Diffa, can yamma kuma kogin Kwara sai ya ratsa Yamai ya wuce Gaya kafin ya faɗo mana Kebbi.

Maganar rairayi, e gaskiya ne mafi yawan ƙasar hamada ce, ta ma fi Najeriya faɗi, murabba'in kilomita miliyan 1 da dubu 267 ce, tamu kuwa ba ta cika miliyan ɗaya ba. Amma mutanen ba a cikin hamadar suke zaune ba, akasarinsu nan kudu suke jere a jikin iyakarmu mai tsawon kusan kilomita 1,500, daga Doso zuwa Tawa, Maraɗi, Damagaram har Diffa, suna kallon Kebbi da Sakkwato da Zamfara da Katsina da Jigawa da Yobe da Borno. Gero ɗaya muke nomawa, damina ɗaya muke jira, in fari ya zo tare yake dukanmu.

Tarihin Maraɗi shi ne ya fi ci mini rai da ba a koyarwa. Da masu jihadi suka ci Katsina wajen 1807, sarakunan Haɓe ba ɓacewa suka yi ba, arewa suka yi, har sarkinsu Ɗan Kasawa ya zauna a Maraɗi, shi ya sa har gobe sarautar can Sarkin Katsinan Maraɗi ake kiranta, kuma duk wata sarauta da ka sani ta tsohuwar Katsina, su Ƙaura su Galadima su 'Yanɗaka su Durɓi, za ka same ta a fadar. Gobirawa ma haka, bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 da yaƙin Gawakuke na 1836 suka kafa Tsibiri, daga baya wani reshe ya ɓalle ya kafa Sabon Birni da ke jihar Sakkwato yanzu, gida ɗaya ne aka wayi gari rabi na karɓar sefa rabi na karɓar naira. Kuma kada wani ya ce ina shafa wa tarihi mai, a'a, an gwabza, Sarkin Maraɗi Ɗan Baskore ya hana Katsina barci shekara da shekaru, Damagaram da bindigoginta na zamanin Sarki Tanimu ta razana maƙwabta, Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga ma har ƙasar Kano ya kai hari. Amma faɗan 'yan gida ne, ana yi ana auratayya ana fatauci, ayarin gishirin Bilma da kanwa da dabino bai fasa sauka Kano ba.

Ita kanta bodar, in ka ji yadda aka yi ta sai ka riƙe baki. Turawan Ingila da na Faransa ne suka zauna can ƙasarsu, da farko a 1890 suka ja layi daga Sayi a bakin kogin Kwara zuwa Barruwa a bakin tafkin Cadi, a 1898 suka sake zama aka ɗora tsinke a kan Sakkwato aka zagaya mil 100 kamar mai zana faifai, wanda hakan ya sa Birnin Ƙonni ta faɗo ɓangaren Ingila. Sai Faransawa suka yi ta ƙorafi wai hanyar da aka bar musu daga kogi zuwa Damagaram ba rijiyoyi, ƙishirwa na kashe musu mutane da dabbobi. A 1904 aka yi musaya, Faransa ta haƙura da wani haƙƙin kamun kifi da take da shi a Niyufanlan can gefen Kanada, Ingila kuma ta matsa da layin kudu. Malam Edita ka ji fa, saboda kifin wani teku da kakanninmu ba su taɓa jin sunansa ba, mutumin Ƙonni yau yake cewa bonju, ɗan uwansa na Illela da ke hango rufin gidansa yake cewa gudumoni.

Bambancin da ya rage mana shi ne irin wannan. Ina yaro in mun je hutu wajen kakata, sai ta miƙo mini kuɗi ta ce ga dala ashirin je ka sayo ƙosai, in tsaya ina juya ƙwandalar don 100 na gani a rubuce a jiki, sai da ƙanin mahaifiyata ya zaunar da ni ya ce a nan dala tamma biyar ce, wato sefa biyar, jaka kuma dubu. Su ce lakwal mu ce makaranta, su ce duwan mu ce kwastan, malamin boko su kira shi mushe, ɗan acaɓa kuma kabu-kabu. Mu yi musu dariya su yi mana, su ce Hausarmu ta cika Ingilishi mu ce tasu ta cika Faransanci, a ƙarshe a jawo ƙwaryar fura ɗaya da cuku da kilishi. Kokawa kam sun fi mu riƙe ta, gasar takobi da suka fara tun 1975 in ta zo gari kan tsaya cak, har mu nan rediyonsu muke kamawa. Kuma a 2025 suka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, mu da muke taƙama da yawa har yanzu muna nan muna shawara.

Shi kuma zancen mu ke ba su wuta, gaskiya ne kafin juyin mulkin 2023 kaso mafi tsoka na lantarkinsu daga nan yake zuwa, amma a tuna madatsar Kainji da ruwan da ya biyo ta ƙasarsu take aiki. A kuma tuna lokacin yaƙin basasarmu shugaban Nijar Diori Hamani gwamnatin tarayya ya mara wa baya alhali Faransa da ta raine shi tana ɗaya ɓangaren. Da aka rufe boda bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka yanke musu wuta, su sun sha wuya ba musu, amma a zo a tambayi 'yan kasuwar Jibiya da Illela da Mai'aduwa da masu dabbobi a Maigatari yadda suka ƙare, motoci sun yi layi kaya na ruɓewa har zuwa Maris na 2024 da aka buɗe. A cikin watannin nan aka yi mana rasuwa a Madarunfa, da ƙyar na samu ɗan acaɓa ya bi da ni ta cikin gonaki, ko da na isa an riga an kai gawar makwancinta.

Roƙona dai Malam Edita, ku ware ko da rabin shafi ne a mako don labaran Maraɗi da Damagaram da Tawa, farashin gero da na dabbobi, labarin damina, yadda aikin layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar a 2021 yake tafiya, ku kuma nemi marubutan can su riƙa aiko muku da Hausarsu yadda take kada ku gyara musu. Shi kuma yaron nan mun yi da shi in an yi hutu zan ɗauke shi mu je ya ga fadar Tsibiri da tafkin Madarunfa, ya ce sai dai ba shi da fasfo, na ce ya dai taho da katin ɗan ƙasa da kuɗin mota.

Naka,
wani mai karatu daga Jibiya, jihar Katsina