A daina haɗa maganin damuwa da tiramol

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna neman fili a jaridarku kan wata matsala da ke yawan zuwa gaban ma'aikatan lafiya a nan Tawa. Mutum zai zo yana kukan ciwon baya, ko nauyin kai, ko tafin ƙafa da ke zafi kamar ya taka garwashi. Ya sha maganin zazzaɓin cizon sauro, ya sha na taifot, awon jini bai nuna komai ba. Sai an zauna da shi an tambayi barcinsa da cin abincinsa, sannan a ji wata uku ke nan rabonsa da barcin kirki, kasuwa ta fita ransa, ko suna ba ya leƙawa. Ciwon damuwa da ciwon jiki sukan zo tare, kowane yana iza wa ɗan'uwansa wuta. Sinadarai biyu, serotonin da noradirenalin, suna da hannu a yanayin zuciya, su ne kuma ke rage ƙarfin saƙon ciwo a cikin laka. Shi ya sa wani lokaci magani ɗaya kan ɗauki nauyin duka biyun.

Wanda ya fi samuwa kuma ya fi araha shi ne amitiriptilin, wanda a farmasi aka fi sani da Laroxyl. Yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Don ciwon jijiya likita kan fara da miligiram 10 zuwa 25 da dare, ya ƙara a hankali har 75. Damuwa kuwa tana bukatar 75 zuwa 150 a rana. A nan ake yawan tuntuɓe: a bar mutum kan ƙwaya ɗaya ta 25 wata da watanni, sannan a ce magani bai yi ba. Yana busar da baki, yana ɗaure ciki, yana kawo jiri in an miƙe da sauri, yana kuma rage gumi, abin da ba na wasa ba ne a zafin Afrilu da Mayu. Dattijon da fitsari ke masa wuyar fita, yana iya tsaya masa ɗungurungum. Mai ciwon zuciya ko hawan jinin ido ya faɗa wa likita tun kafin a rubuta. Shansa da yawa lokaci ɗaya yana kisa, don haka mai tunanin ya gaji da rayuwa a ba shi na sati ɗaya kacal, wani babba a gidan ya riƙe.

Duloksetin, wato Cymbalta, ya fi sauƙi ga zuciya, kuma yana aiki sosai kan zafin ƙafa na masu ciwon sukari. Miligiram 30 na sati ɗaya, sannan 60. Tashin zuciya na kwanakin farko yakan wuce in an sha da abinci. Mai ciwon hanta ko mashayin giya ba a ba shi. Matsalarsa tsada. Fuluwoksetin, wato Prozac, miligiram 20 da safe, yana maganin damuwa amma bai cika taɓa ciwon jiki ba. In aka haɗa shi da dikulofenak ko ibuporofen kullum, hatsarin zubar jini a tumbi yana ƙaruwa. Farasitamol ya fi dacewa, kada ya wuce giram 3 a rana.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami dai shi ne tiramol. Marar lafiya ya karɓi takardar magani, kwana biyar bai ji sauyi ba, sai ya tsaya wajen mai tallan magani a bakin tasha ya sayi ƙwayar tiramol da aka rubuta wa miligiram 225, alhali ta asibiti 50 ce. Kamar magungunan damuwar nan, tiramol ma yana ɗaga serotonin. Idan ya gamu da ɗaya daga cikin magungunan nan, jiki kan ɗauki rawa, gumi ya keto, zazzaɓi da gudawa su biyo, hankali ya gushe, ko mutum ya faɗi yana farfaɗiya. Sau da yawa iyali sukan ce iskoki ne, a yi ta hayaƙi har lokaci ya ƙure. Wannan na asibiti ne cikin gaggawa, a tafi da kwalayen duk abin da ya sha.

Maganin damuwa ba ya nuna aikinsa sai bayan sati 2 zuwa 4, wani ma har 6. Bayan an ji sauƙi a ci gaba wata 6 aƙalla, a janye shi a hankali cikin sati 4 ko fiye. Yanke shi rana ɗaya yana kawo jiri, rashin barci da dawowar ciwon. Ƴan ƙasa da shekara 25 a sa musu ido a makonnin farko. Wanda kuma aka ga ya bar barci, surutu da ɓarnar kuɗi sun yi masa yawa bayan ya fara sha, a mayar da shi wajen likita a ranar.

Wasu ma'aikatan lafiya, Tawa