Godiya ga ƙungiyar Maternity Foundation ta ƙasar Denmak daga wata ungozoma a Dukku

Assalamu alaikum.

Ni ungozoma ce a wani ƙaramin asibiti a ƙaramar hukumar Dukku ta jihar Gombe. Ba mu da likita. Da dare daga ni sai mai taimaka mini sai maigadi, kuma in haihuwa ta zo da gardama, kafin a samo mota a kama hanyar Gombe sai dai abin da Allah ya yi. An ce yaba kyauta tukuici, shi ya sa na ɗauko alƙalami.

Manhajarku ta Safe Delivery mai koyar da aikin karɓar haihuwa, wadda kuka fitar a 2015 tare da jami'o'i biyu na ƙasar Denmak, wata 'yar ajinmu ce ta nuna mini ita da na shiga Gombe karɓar albashi. Kyauta ce, kuma da zarar an sauke ta a waya ba ta ƙara neman data. Wanda bai zauna inda sai an hau tudun bayan asibiti ake samun sabis ba, ba zai san girman wannan ba.

Da farko har tsiya aka riƙa yi mini. Wata dattijuwa da ke yawan rako 'ya'yanta da surukanta awo, Goggo muke ce mata, ta leƙo ta gan ni da waya ta ce, "Sista, ke da girmanki kike kallon katun a bakin aiki?" Ba ta yi ƙarya ba, zane ne mai motsi. Sai dai zanen yana nuna inda hannu zai shiga in mabiya ta maƙale, da yadda ake ceto jaririn da ya fito bai numfasa ba. Duk mun karanta a makaranta, amma abin da hannu ya daɗe bai taɓa ba tsatsa yake yi.

A daminar bara aka kawo surukar Goggon, haihuwar fari, wajen ƙarfe biyun dare, ana tafka ruwa. Yaron ya fito jiki a sake, babu kuka. Na tsane shi da zane, na murza bayansa, shiru. Goggo ta fara salati tana cewa a rufe shi kawai. Na yanke cibi, na kwantar da shi, na ɗora masa robar hura iska. Na matsa, ƙirji bai ɗaga ba. Nan gabana ya faɗi. Sai hoton nan ya dawo mini kamar ina kallonsa: a gyara zaman robar, a ɗan ɗaga haɓa. Na gyara, na sake matsawa, ƙirji ya taso. Ina matsawa ina ƙirgawa, mai taimaka mini riƙe da tocila hannunta na rawa, har yaron ya yi wani ɗan tari, sannan ya tsala kuka.

A daren nan ban taɓa wayar ba, tana cikin jaka. Minti ɗaya tak ake da shi a fara hura wa jariri iska, babu sararin latse-latse. Yawan kallon da na yi a ranakun da babu kowa, da tambayoyin gwajin cikin manhajar da na yi ta faɗuwa ina maimaitawa, su suka zauna mini a hannu.

Inda nake buɗe ta a gaban mara lafiya shi ne wajen magani. In aka kawo mai jijjiga, gara in duba adadin allurar maganinta, magnesium sulphate, da idona, giram 4 ta jijiya da giram 5 a kowane ɗuwawu, da in dogara da kan da bai yi barci ba.

Ban ce waya ta gama mana komai ba. Ba ta ba da jini, ba ta kunna firjin da allurar oxytocin mai tsayar da zubar jini bayan haihuwa ke buƙata, ba ta zama mota. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mata kusan 82,000 suka rasu a Nijeriya a 2020 ta dalilin ciki da haihuwa, kuma mu da ke ƙauye mun san fuskokin wasu daga cikinsu. Amma yanzu ina saurin gane wadda ta fi ƙarfina, in tura ta gaba tun da sauran lokaci.

Yaron nan yanzu yana rarrafe. Bayan suna Goggo ta zo da ƙwaryar nono da man shanu, ta ce rabi nawa, rabi na "mutanen cikin waya". Na rasa yadda zan aika nono Denmak, don haka ga wasiƙa a madadinsa. Allah Ya saka da alheri.

Taku,
Ungozoma daga Dukku