Wasiƙa daga Amman, bayan dawowata daga Ƙudus

Mutumina,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya damina, ya ƙarfin jikin Inna? Na san ka cika ka batse, wata huɗu ba ka ji ɗuriyata ba. Yi haƙuri. Albishirinka: na yi sallah a Masallacin Ƙudus! Ta gadar Sarki Husaini muka tsallaka, bayan mun sha zama a wurin bincike. Kai da kake cewa sai dai in gan shi a kalandar shagon Baba, sai ka tanadi goro.

Amma wani abin ne ya hana ni barci tun da na dawo. Zuwanmu ya faɗo daidai ranar makokin Yahudawa, tara ga watan Ab a lissafinsu. Azumi suke yi na kusan awa 25, ba ci ba sha, ba wanka, ko takalmin fata ba sa sawa. Kukan rushewar ɗakin ibadarsu suke yi, na farko wanda Annabi Sulaimanu ya gina mutanen Babila suka rusa, na biyu kuma Rumawa suka ƙone a shekara ta 70 miladiyya. Da dare na je gaban bangon nan da suke kira Kotel, wato ragowar katangar harabar ɗakin ibadar nasu. Tsofaffi zaune a ƙasa dirshan kamar gidan rasuwa, suna karatu da muryar kuka. Wani dattijo ya kafa goshi a dutse, gemunsa sharkaf da hawaye. Kusan shekara dubu biyu fa da faruwar abin, mutumina! Wallahi sai da jikina ya yi sanyi.

To shi wannan bango shi ne Bangon Buraƙa a wurinmu, harabar masallaci kuma tana samansa. Filin da suke zaune a kai unguwar Magaribawa ce da, aka rushe ta a 1967, aka kwashe mutanenta. Washegari muna harabar sai ga 'yan sanda da bindigogi suna rako Yahudawa rukuni-rukuni ta Ƙofar Magaribawa, ma'aikatan waƙafin Jodan masu kula da masallacin suna biye da su da ido. Wani tsoho Bafalasɗine a gefena yana ta hasbunallahu, hannunsa na rawa. Ashe ma cikin malaman Yahudawa da yawa sun haramta wa mutanensu hawa wurin, saboda tsarkinsa a aƙidarsu. Ni dai hawayen dattawan nan biyu ne suka tsaya mini a rai.

Af, ka san akwai namu a can? Dab da ƙofar da ake kira Babul Majlis akwai unguwar baƙar fata, jikokin alhazan da suka taho daga Najeriya da Cadi da Sudan da Senegal suka zauna. Wata gyatuma da ta ji daga ina nake sai ta ce mini “sannu”, ta hana ni tafiya sai da na sha shayi.

Wai da gaske ne ka koma zarya gidan su ƙanwar Liman? Kai da ka rantse ka daina! Yaya ce ta tsegunta mini, kada ka je ka tsare ta da faɗa. Kuma kuɗin adashena na watan jiya ka miƙa wa Goggo hannu da hannu.

In ka samu mai tahowa, a haɗo ni da yaji da daddawa. Na sayo wa Inna carbin itacen zaitun, kada ka gaya mata tukuna.

Naka har kullum.