A buga masallacin Yaama a tambur kamar yadda Turawa suka yi wa gine-ginensu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon a ba ni fili in yi magana a kan tambur, wato kan sarki da ake liƙawa a wasiƙa, wanda na daɗe ina tarawa tun ina koyarwa a lakwal, lokacin da nake jiƙa tsohon ambulan a ruwan ɗumi har tambur ya saki, sannan in shanya shi a kan faranti.

Waɗanda suka fi riƙe mini ido su ne masu ɗauke da gine-ginen zamanin Renesans, zamanin da ilimi da fasaha suka farfaɗo a Turai. Ina da na Faransa na 1952 mai hoton fadar Shambor, wadda aka fara ginawa a 1519 a mulkin Sarki Faransuwa na Ɗaya, kuma idan aka ɗora masa madubi mai ƙara girman abu ana iya ƙidaya hasumiyoyin da suka yi cincirindo a kan rufinta. Akwai kuma na Italiya na 1949 da aka buga domin tunawa da ginin da gwanin magini Palladiyo ya tsara a birnin Bicenza. Daga waɗannan 'yan takardu da ba su kai faɗin tafin jariri ba na bi sawu har na san labarin Burunelleski, wanda ya ɗaga ƙubbar babban cocin birnin Filorans na Italiya tsakanin 1420 da 1436 da jan bulo sama da miliyan 4, ba tare da ya kafa katakon da zai tallafe ta daga ƙasa ba. Duk maginin da ya taɓa ɗaurin guga da azara zai gane nauyin wannan aiki.

To, mu ma a jihar Tawa muna da irin wannan gwani. Falke Barmu ya gina masallacin Juma'a na Yaama da ƙasa a 1962, jama'ar gari suna kai masa ruwa da laka, daga baya ya ƙara masa tulluwa a tsakiya da hasumiya huɗu waɗanda kowacce da kamarta, har aikin ya samu kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Na je na tsaya a cikinsa da rana tsaka a watan bazara, sanyin ɗakin ya ratsa ni, na ɗaga kai ina kallon kowane bakan gizo na rufin yana haɗuwa da ɗan'uwansa. Amma da jikana ya buɗe kundina yana neman hotonsa, Shambor ya samu, kuma abin ya dame ni ƙwarai.

Saboda haka nake kira ga hukumar gidan waya a Yamai da ta fitar da jerin tambur na ginin ƙasa, a sa Yaama tare da hasumiyar masallacin Agadas mai tsawon mita 27 da fadar Sarkin Damagaram, a kuma rubuta sunan Falke Barmu a ƙarƙashin masallacinsa.

Naku,
Wani tsohon malamin lakwal,
Tawa