Wasiƙa zuwa ga ɗana a kan notin taya

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ina sanar da kai cewa mu nan Kumo kowa ƙalau, sai dai tun ranar da kawunka ya dawo daga Gombe barcina bai yi nauyi ba.

Ya ce ya same ka a Tashan Dukku an yi wa tayar Keke Napep ɗinka faci, kana zaune a inuwa kana danna waya, yaron mai faci ne ya mayar da tayar baya. Ya ɗaura noti uku, na huɗun ya ƙi shiga, sai ka karɓa ka jefa a aljihu ka ce sai da yamma, ka ɗebi fasinja ka kama hanyar Pantami. Sau biyu na tambaye shi ko ya tabbata kai ne, ya ce ai ba zai kasa gane ɗan da aka raɗa wa suna a gabansa ba.

Keke Napep ƙafa uku gare shi, ba shi da ƙofa, kuma mafi yawan waɗanda kake ɗauka mata ne masu goyo da yara 'yan makaranta. Idan taya ɗaya ta fice kana cikin gudu, kifewa zai yi. Noti ukun da ka bari suna ɗauke da nauyin huɗu, kowane rami da ka faɗa yana ƙara sassauta su, har ramukan wilin su buɗe, ƙusoshin su karye ɗaya bayan ɗaya. Wannan ne abin da nake gani duk lokacin da na rufe ido.

Na koya maka aikin nan tun kana riƙe mini fitila, amma zan maimaita. Ka tsaya a wuri mai tauri, ka ja birkin hannu, ka sa waigi, sannan ka sassauta notin tun taya tana ƙasa, kafin ka ɗaga jak. Wajen mayarwa, ka goge ƙasar da ke bayan wilin, ka fara kowane noti da yatsunka. Wanda ya ƙi tafiya da hannu ya hau haƙori a karkace, kuma tilasta shi da sufana cinye ƙusar zai yi. Ina zaton abin da yaron nan ya yi maka ke nan. Kada ka bi su a jere: ka ɗaura ɗaya, ka tsallaka zuwa wanda ke fuskantar sa ta ɗaya gefen, kaɗan-kaɗan, har wilin ya zauna daidai. Sai ka sauke jak ka ƙarasa matsewa da ƙarfin hannu. Masu zura bututun ƙarfe a sufana su hau da ƙafa miƙe ƙusa suke yi, ranar da za ta karye kuwa ba ta sallama. Bayan sawu ɗaya ko biyu, ka sake bin su. Idan kuma wilinka mai ɓari biyu ne, kada ka taɓa notin da suka haɗa ɓarin sai ka sace iskar gaba ɗaya.

Mahaifiyarka ta ce na cika tsanani a kanka. Ita ba ta tsaya inda na tsaya ba ranar yayanka, kuma ba ita ta ɗauko hularsa daga bakin kwalta ba. Ban sayar da shanun noma na biya kuɗin ajiyar keken nan don ka zauna kana kallon waya yaro yana wasa da rayukan mutane ba. Wallahi idan na sake jin irin wannan, da kaina zan zo na karɓi makullin na mayar wa mai shi.

Na san balas, kuɗin da kake kai wa mai keke kullum, shi ne yake korar ka, na san kuma mai keke ba ya jin uzuri. Idan asarar wuni ɗaya ce take tsorata ka, ni zan biya na ranar, ka je wurin bakanike a canza ƙusar da ta lalace. Na ba kawunka tsohuwar sufanata ya kawo maka, ka ajiye ta ƙarƙashin kujera, ka zagaya tayoyin nan uku da ita kowace safiya bayan sallar asuba. Ranar Juma'a ka kira ni ka gaya mini an gyara. Mahaifiyarka ta haɗa maka da yaji da ƙuli-ƙuli, ƙannenka suna gaishe ka. Allah Ya tsare hanya, Ya yi maka albarka.

Ni ne mahaifinka.