Rahoton Ayyukan Ƙungiya Na Bana Kan Ɗaukar Masu Buƙata Ta Musamman Aiki

Assalamu alaikum 'yan uwa membobi, barkanmu da warhaka. Ga bayanin abin da kwamiti ya yi a bana, da fatan kowa zai daure ya karanta kafin mitin.

Yawancin lokacinmu ya tafi ne wajen zama da masu kamfanoni da manajojin da ke ɗaukar ma'aikata. Abin da muka lura shi ne da yawansu ba mugunta ba ce, tsoro ne, gani suke da zarar sun ɗauki makaho ko kurma ko mai keken guragu to sai sun rushe ofis sun sake gini. Mukan fara musu da alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022, mutum biliyan 1.3 ke da nakasa, wato kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya, to waɗannan ai kwastomominku ne kuma ma'aikatanku ne. Sannan mu tuna musu yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin nakasassu, sashe na 27 ya yi magana kan haƙƙin aiki, kuma a yarjejeniyar ƙin yi wa ma'aikaci gyaran da bai fi ƙarfin kamfani ba shi ma wariya ne. Nan kam sai ka ga sun gyara zama.

Inda muka fi shan aiki shi ne tallar gurbin aiki. Wani kamfani ya ce mana su fa ƙofarsu a buɗe take, nakasassu ne ba sa nema. Muka ce a kawo fom ɗin, ashe hoton takarda aka ɗauka aka ɗora a intanet, sai wani membanmu mai lalurar gani ya buɗe kwamfutarsa a gabansu ya kunna NVDA, manhajar nan ta kyauta da ke karanta rubutu da murya, shiru kake ji ba ta karanta komai ba saboda hoto ne ba rubutu ba. A ranar suka sa aka sake buga fom ɗin, ko awa bai ci ba. Mun kuma sa an cire sharuɗɗa irin su lasin tuƙi a aikin da ba ruwansa da mota, kuma a takardar gayyatar intabiyu a riƙa tambayar mutum me yake buƙata, tafintan kurame ne ko ƙarin lokacin jarrabawa ko ɗaki a ƙasa. A tambaye shi dai, kar a zauna ana yi masa hasashe.

Bitar manajoji ta ranar 3 ga Disamba, ranar nakasassu ta duniya, ta tafi lafiya alhamdulillah.

Abin da har yanzu yake ci mana tuwo a ƙwarya shi ne bayan an ɗauka. Akwai 'yan uwanmu da suka samu aiki amma an ajiye su ba a ba su komai, albashi na shiga, mitin kuma a bene babu lif, banɗaki keke ba ya shiga, in an zo tura mutane kwas ko ƙarin girma sai a tsallake su. Wallahi wannan yana kashe zuciya, mutum da takardunsa da basirarsa a mayar da shi abin ɗaukar hoto. Shi ya sa baɗi in Allah ya kai mu za mu koma duk wuraren da muka je, mu zauna da ma'aikatan su kaɗai ba oga a wajen, mu ji daga bakinsu.

Masu neman aiki da ba su kawo takardunsu ba don Allah a miƙa wa sakatariya, kuma muna neman ƙarin masu sa kai da suka iya yaren kurame, domin waɗanda muke da su aikin ya yi musu yawa.