Ina 'yan matan ƙwallon Sudan suka shiga?

Assalamu alaikum Edita. Don Allah ka ba ni fili in tuna wa masu karatu ranar 30 ga Satumba, 2019, da aka buɗe gasar ƙwallon ƙafa ta mata ta farko a Sudan, watanni kaɗan bayan faɗuwar gwamnatin Al-Bashir. Ƙungiyoyi 21 ne suka shiga. Tahadi da Difaa suka fara karawa a filin wasa na Khartoum, 'yan kallo na ta kirarin "Kandaka", laƙabin sarauniyoyin Nubiya na dā. Difaa ce ta ɗauki kofin.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya tarwatsa komai, abin yana ci mini rai. Ina roƙonka a binciko mana halin da 'yan matan nan suke ciki.